Shirun Lasifika Shi Ne Shaidar Gwani

 Wannan shirinmu ne na faɗakarwa a kan sana'o'in hannu. Yau za mu zauna ne da 'yan'uwanmu masu gyaran rediyo da masu haɗa amfilifaya, amma ina roƙon liman da ladan, da 'yan kwamitin masallaci, da mai hayar lasifika don biki ko walima, kada su kau da kunne, domin mas'alar ta shafe su kamar yadda ta shafi mai riƙe da ƙarfen dalma.

Duk wanda ya taɓa kwana a Dutse, ko a Garu ne, ko a Fagoji, ko a Takur, ya san yadda asubar garin nan take, sa'ad da kiran salla ke tashi daga wannan unguwa, wata ta karɓa, duwatsun da suka ba garin sunansa kuma suna mayar da amsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da yawa daga cikin akwatunan da ke ɗaga waɗannan muryoyi ba a shigo da su a haɗe daga ƙasashen waje ba. Samarinmu ne suka haɗa su da hannunsu, da kayan da suka sayo a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko waɗanda suka ciro daga cikin matattun na'urori. Wannan abin alfahari ne, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta, sana'ar sai ƙara bunƙasa take yi tare da garin. Sai dai akwai wata illa guda da ke bin yawancin waɗannan akwatuna kamar inuwa, watau gurnanin nan mai kauri da ke fitowa daga lasifika ko da babu mai magana.

Wata shekara cikin watan azumi na zauna tafsiri a wani ƙauye da ke tsakanin Dutse da Kiyawa. Mai tafsirin malami ne mai zurfin ilmi, mai jan baƙinsa kuma Allah ya yi masa baiwar murya, amma duk lokacin da ɗayansu ya dakata don ya numfasa, sai wani ƙugi ya cika masallacin, har dattawan da ke sahun baya, waɗanda jinsu ya yi rauni, rabin karatun ya wuce su. Bayan an tashi na nemi yaron da ya haɗa na'urar, na same shi cikin baƙin ciki, ya ce mini ya sake lasifika har sau biyu, ya sake makirfo, abin bai gushe ba. Da muka buɗe akwatin, sai ga taransifoma zaune, wayar makirfo ta bi ta gefenta, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Tun daga ranar na ƙudurta a raina cewa gwanin wannan sana'a ana gane shi ne a lokacin da mai magana ya yi shiru, domin ɗaga murya kowane akwati yana iyawa, amma yin shiru tsit sai wanda aka kyautata gininsa tun daga tushe, tushen kuwa shi ne taransifoma.

Kafin mu shiga hukunce-hukuncenta, ya kamata mu san asalinta, domin wanda ya san asalin abu ba ya ruɗewa a kan rassansa. A shekarar 1831, a birnin Landan, wani masani mai suna Michael Faraday ya ɗauki zoben ƙarfe, ya naɗa waya a ɓangare guda, ya naɗa wata a ɗaya ɓangaren, ba tare da wayoyin biyu sun taɓa juna ba, sai ya ga duk sa'ad da ya saki wuta a naɗin farko ko ya yanke ta, wuta tana motsawa a naɗi na biyu. Abin da ya ɗauki saƙon daga wannan naɗi zuwa wancan shi ne ƙarfin maganaɗisu da ke kewayawa a cikin ƙarfen. A shekarar 1885 wasu injiniyoyi uku na kamfanin Ganz, a birnin Budapest na ƙasar Hangari, suka fito da taransifoma irin wadda ake aiki da ita a harkar wutar gari. Babbar da kamfanin KEDCO ke girkewa a bakin unguwa, da ƙaramar da ke cikin amfilifayar masallaci, duk jikokin zoben nan ne: naɗin shiga, naɗin fita, da ƙarfe a tsakani. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, tana kuma kai da komowa sau 50 a cikin sakan ɗaya, saboda haka maganaɗisun cikin taransifoma shi ma sau 50 yake bugawa. Ku riƙe wannan adadi, domin shi ne mahaifin gurnanin da muke magana a kai.

Mas'ala ta farko ita ce girma. Ana auna ƙarfin taransifoma da haruffa biyu da za ku gani a jikinta, VA, watau bolt ɗin da take fitarwa a ninka shi da amfiyar da take iya ɗauka. Wadda aka rubuta mata 24-0-24, amfiya 5, lissafinta shi ne 48 sau 5, ya ba da VA 240. Amfilifaya irin wadda aka fi haɗawa a nan, mai aiki da taransistoci irin su 2SC5200 da abokinta 2SA1943, ba ta mayar da dukan abin da ta ci ya zama sauti. Wani kaso mai yawa zafi yake zama ya fita ta jikin ƙarfen sanyaya. Don haka ƙa'idar da magina suka yarda da ita ita ce, a ba amfilifaya taransifomar da ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na wat ɗin da ake so ta fitar. Mai son wat 100 a kowane ɓangare na amfilifaya mai ɓangare biyu, sai ya nemi VA 300 zuwa 400. Ni kuwa ina ba da shawara a karkata wajen babban adadin, domin a ƙasar nan tamu, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, akwatin kuma sau da yawa a cikin kabad ɗin masallaci yake kulle, babu iska. Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi zai yi tafiya, amma ba zai kai kasuwar Shuwarin ba.

Mas'ala ta biyu ita ce bolt, kuma a nan ne dukiyar almajiran sana'a ta fi salwanta. Wutar da ke fitowa daga naɗin fita, bayan ta ratsa dayod ta taru a cikin manyan kafasito, ba ta tsayawa a adadin da aka rubuta a jikin taransifoma. Tana hawa ne da ninki 1.4, a ɗebe kamar bolt ɗaya da dayod suka ci. Saboda haka 24-0-24 za ta ba ka wajen bolt 33 a sama da 33 a ƙasa, wanda a kan lasifika mai om 8 bai wuce ya ba da wat 50 zuwa 60 na gaskiya ba, ko da an rubuta dubbai a jikin kwali. Ƙaramin guntun nan TDA2030, wanda kusan kowane yaro da shi yake fara koyo, iyakar abin da yake jurewa bolt 18 ne kowane gefe. 12-0-12 ce daidai da shi, wanda kuwa ya ba shi 18-0-18 don neman ƙarin murya, ya ɗora masa wajen bolt 25, ba abin da zai gani sai hayaƙi. Sa'an nan a tuna cewa wutarmu ba ta zama wuri ɗaya: da magariba ta sauka, da tsakar dare ta hau, janareta kuma in an rage masa kaya yakan yi tsalle. Wanda ya sa kafasito mai bolt 35 a layin da ke ɗauke da 33 ya bar ta a bakin rijiya. Mai bolt 50 ita ce ta dace.

Mas'ala ta uku ita ce iri da asali. Iri biyu aka fi samu. Akwai mai kusurwa huɗu, wadda ake jera fallayen ƙarfe masu siffar harafin E da I. Tana da nauyi, tana da haƙuri da muguwar wuta, masu naɗi na gida suna iya kwance ta su sake naɗa ta, aibinta kawai shi ne tana zubar da maganaɗisu a kewayenta. Akwai kuma mai siffar gammo, wadda ta fi kama da zoben Faraday. Ta fi sauƙin nauyi, ta fi tsare maganaɗisunta a cikin cikinta, amma ta fi tsada, kuma a lokacin kunnawa takan zuƙi wuta mai yawa farat ɗaya, don haka tana bukatar fis irin mai jinkirin tsinkewa. Kowacce a cikinsu ta halatta, in an san halinta.

Akwai kuma waɗanda nake gargaɗi a guje su. Wadda aka ciro daga na'urar da aka yi don Amurka an naɗa ta ne don bolt 120 da bugu 60, in aka ba ta wutarmu kai tsaye ƙonewa za ta yi. Wadda aka ciro daga murhun nan na zamani mai ɗumama abinci da igiyar lantarki, naɗin fitarta yana ba da wajen bolt 2,000, yana kisa nan take, ko an sake naɗa ta kuwa ba a yi ƙarfenta don dogon aiki ba, sai zafi da ƙugi. Mafi ɓoyayyen haɗari kuwa shi ne wadda aka ciro daga sitabilaiza, domin yawancinsu naɗi guda ne aka yi wa rassa, babu rabuwa tsakanin shiga da fita, ta yadda wutar gari za ta iya biyo waya har zuwa ƙarfen makirfon da ladan ya kai bakinsa. Kafin ka ɗora kowace tsohuwar taransifoma, sa mita tsakanin naɗin shiga da naɗin fita. In mita ta nuna suna haɗe, ajiye ta, ba ta amfilifaya ba ce.

Yanzu ina da magana da 'yan'uwana masu naɗi, kuma magana ce ta amana. Ƙa'idar naɗi a wutarmu sananniya ce: a auna faɗin harshen tsakiya na ƙarfen da kaurin jerin fallayen da santimita, a ninka su, sa'an nan a raba 45 da abin da ya fito, shi ne yawan zagayen da kowane bolt ɗaya yake bukata. Ƙarfe mai harshe santimita 4 da kauri santimita 5 ya ba da 20. 45 a raba da 20 ya ba da 2.25; naɗin shiga na bolt 230 ke nan yana neman zagaye wajen 518, ƙarfen kuma zai ɗauki kusan VA 300. Wanda ya rage zagaye ɗari don ya tsira da waya, taransifomarsa za ta ba da wuta a ranar da aka karɓa, mai ita ya biya ya tafi yana godiya, amma ƙarfen ya riga ya ƙoshi da maganaɗisu fiye da cikinsa, sai ya dinga zafi ko ba a ɗora masa kaya ba, yana amayar da rarar a kan duk wayar da ke kusa. Haka kuma wanda ya naɗa wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ya karɓi kuɗin jan ƙarfe tsantsa, alhali alminiyam ya fi jan ƙarfe tauye wuta da fiye da rabi. Mai saye yana iya kankare bakin wayar da wuƙa, in ya ga fari a ciki ya san abin da aka ba shi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu hukuncin tauye mudu da algus a cikin ciniki, kuma zagayen da aka rage a ƙarƙashin takarda, inda idon mai saye ba ya kaiwa, tauye mudu ne ba tare da wani tawili ba.

To, in an zaɓi taransifoma ta gari, saura a san yadda za a zauna da ita lafiya. Gurnani iri uku ne, kuma likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Na farko na jikin ƙarfe ne: cire wayar lasifika, in har yanzu kana jin ƙara daga akwatin, fallayen ne ke kaɗawa, a ɗaure ƙusoshinsu, a tsoma su a banish, a sa roba a ƙarƙashin taransifomar. Na biyu ƙara ce mai kaifi kamar ta zanzaro, mai bugu 100 a sakan, wadda ke nuna kafasito sun yi kaɗan, ko sun bushe, ko an haɗa wayoyin ƙasa ba bisa tsari ba. Na uku shi ne ƙugi mai kauri na bugu 50, wanda maganaɗisun da ya zuba yake shiga wayar sauti. Ga wata jarrabawa mai sauƙi: kashe wutar amfilifaya kana saurare, domin kafasito za su riƙe ta sakan ɗaya ko biyu. In gurnanin ya yanke nan take alhali sauti bai mutu ba, ɓarawon a cikin gida yake. In kuwa ya ci gaba har sautin ya dushe, daga waje ake ɗauko shi, ta wayar makirfo ko wata na'ura da aka jona.

Dalilin da ya sa ɗan abu kaɗan yake zama babbar fitina shi ne, abin da makirfo ke bayarwa bai wuce 'yan ɓurɓushi na kashi dubu na bolt ɗaya ba, amfilifaya kuma aikinta ta ninka shi sau dubbai, ba ta kuwa bambance muryar malam da raɗar taransifoma. Duk abin da ya shigo ta ƙofa, baƙonta ne, za ta ɗaukaka shi.

Maganin farko, wanda ba a sayen sa da ko kwabo, shi ne nisa. Maganaɗisun da ya zuba yana raunana da sauri ƙwarai, har in ka ninka tazara sau biyu, a ƙiyasi abin da zai rage bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. A ajiye taransifoma a kusurwa guda, ƙofar makirfo da maɓallan ƙara murya a kusurwar da ta fi nisa da ita. Na biyu shi ne fuskantarwa: kafin a huda akwati, a jona komai, a juya taransifomar sannu a hankali ana saurare, a ɗaure ta a inda ƙugin ya fi kwantawa, wutar kuwa a kashe take duk lokacin da hannu zai shiga. Na uku, a murɗe wayoyin da ke ɗauke da wutar gari da na naɗin fita biyu-biyu kamar tufkar igiya, domin abin da ɗaya ta zubar ɗayar ta shafe shi, wayar sauti kuma ta zama mai rigar saƙa, in dole ta haɗu da wayar wuta su gitta juna, kada su jera. Abin da muka yi wa akwatin ƙauyen nan ke nan, nisa da juyi da tufka, washegari dattawan sahun baya suka ji tafsiri har ƙarshensa.

Bayan waɗannan sai hijabi, kuma wajibi ne a san cewa kowane ƙarfe da abin da yake tarewa. Akwatin katako ko na roba ba ya tare komai. Alminiyam yana tare tartsatsin da ke zuwa ta iska, irin kukan da wayar hannu ke sa wa lasifika, bisa hikimar da Faraday ya nuna a 1836 da ɗakinsa mai rufin ƙarfe, amma maganaɗisu mai bugu 50 ratsa shi yake yi ya wuce. Baƙin ƙarfe mai kauri, irin wanda maganaɗisu ke kamawa, shi ne ke janye shi ya bi ta jikinsa, don haka shamakin baƙin ƙarfe tsakanin taransifoma da sashen makirfo yana da amfani. Masu naɗi kuma suna da hijabi biyu na fallen jan ƙarfe waɗanda hukuncinsu ya saɓa wa juna, kuma ruɗa su yana jawo gobara. Na ciki, wanda ake shimfiɗawa tsakanin naɗin shiga da naɗin fita don tare dattin wutar janareta da inbata, haramun ne bakinsa biyu su taɓa juna; a raba su da takarda, a fito da waya guda a kai ta ƙasa. Na waje, ɗamarar da ake kewaya dukan taransifoma mai kusurwa da ita ta bayan ƙarfe, wannan kam dole a haɗe bakinta da dalma. Mai gammo kuma tana da nata sharaɗin: ƙusar da ta bi ta tsakiyarta kada ta taɓa gindin akwati da murfinsa gaba ɗaya, domin in ta taɓa, akwatin kansa ya zama zagaye guda rufaffe, ƙusar ta yi zafi, naɗin ya ƙone. Daga ƙarshe, dukan wayoyin ƙasa na cikin na'ura a tara su a matattara guda kusa da tsakiyar manyan kafasito, a haɗa da akwati a wuri ɗaya tak.

Duk abin da na ambata a baya yana cikin babin kyautatawa. Wanda zan faɗa yanzu farilla ne. Akwatin ƙarfe dole a ɗaure shi da wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira at, kuma fis dole ya zauna a kan wayar wuta kafin taransifoma, fis na gaskiya, ba zaren waya ko takardar sigari ba. Na sha ganin wanda gurnani ya dame shi ya yanke wayar ƙasa, ƙarar ta ragu, ya ɗauka ya yi gwaninta, alhali ya sayi shiru ne da ran mutum. Ladan yakan zo da danshin alwala a hannu, ƙafa ba takalmi, ya kama makirfo. Inda ginin ba shi da wayar ƙasa, a kira mai aikin wuta ya kafa sanda, kuma tun da ƙasar Dutse tsandauri ce mai duwatsu, a nemi wuri mai danshi, kamar kusa da magudanar ruwan alwala, a zurfafa. Ranar kunna sabon aiki kuwa, a jera ƙwan fitila irin na dā mai zare, wat 60 ko 100, a kan wayar shiga: in ya haska ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske, akwai kuskure a ciki, ƙwan kuma ya karɓi bugun a madadin kayanka. Kada a manta manyan kafasito suna riƙe wuta bayan an zare soket. A auna su, a sauke su ta resisto, kafin yatsa ya kusance su.

Ya ku samarinmu, waɗanda ke koyo a rumfar maigida da waɗanda ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ku haɗa kai, mai lissafi ya zauna da mai hannu, domin kowannenku yana riƙe da rabin ilmin. Ku kuma iyayenmu 'yan kwamiti, ranar da za ku karɓi sabuwar amfilifaya, kada ku ce a ƙure murya ku ji ko za ta kai bayan gari. Ku ce a kunna ta, a buɗe murya daidai yadda za a yi aiki da ita, kowa ya yi shiru, ɗayanku ya kai kunne kusa da lasifika. Bayan awa guda kuma ya ɗora tafin hannu a kan murfin akwatin. In kunne bai ji komai ba sai ɗan huci, hannu kuma ya iya zama ba tare da an janye shi ba, ku biya yaron nan hakkinsa cikakke, ku sa masa albarka, domin ya tsare amanar da ba ku da ikon gani.

A nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sababbin na'urorin ba da wuta marasa nauyin ƙarfe, da yadda za a haɗa amfilifaya da batir da hasken rana a garuruwan da wutar gari ba ta isa ba. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku daga sharrin wuta, ya sa abin da kuka gina ya zama sanadin jin alheri.